Tsohon wakshof ɗin kuza: a gyara ko a bar wa 'yan gwangwan?

Baban Hauwa: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, na gida da na Abuja. Maganar tsohon wakshof ɗin kamfanin kuza da ke bakin kududdufi ce na kawo nan, tunda a wurin ɗaurin auren jiya ba a bar kowa ya ƙarasa zancensa ba. Kun san 'yan gwangwan sun riga sun kwance ƙofar baya da tagogi, yanzu kuma an ce wani ya zo yana taya ƙarafan da ke riƙe da rufin. In aka sare waɗannan, shi ke nan, bango kawai za a bar wa awaki. Matasanmu sun kawo shawarar a gyara shi ya zama wurin koyon sana'a da zane da karatu, na kowa da kowa. Mu ji ra'ayi. Don Allah ban da zagi, ban da turo hoton ɗan takara.

Alhaji Mai Dankali: Wa'alaikumus salam. Ni dai ra'ayina ba a ɓoye yake ba. A mai da shi sito. Duk shekara dankalin turawa na ruɓe mana, ana haƙa a lokaci ɗaya, a kwasa zuwa Farin Gada ko Maikatako a sayar a wulaƙance don babu inda za a ajiye. Ga gini mai tsawo, mai sanyi, iska na shiga tana fita. Zane kuma wa ya taɓa ƙoshi da shi?

Auta Mai Zane: Alhaji, da girmanka, ni da zane nake ciyar da mahaifiyata. Allon shagonka ma wa ya rubuta? Kuma mutanen da ke tasowa daga Turai zuwa gidan tarihi na Jos ba dankali suke zuwa kallo ba. Kawunan yumɓun Nok, a ramin kuza aka fara tsintar su a 1928, su ne kuma sanadin da Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa gidan tarihin a 1952. Ƙasar nan da muke takawa tana da tarihin aikin hannu tun kafin zuwan Turawa da shekaru dubu biyu, amma yaro a garinmu bai taɓa riƙe burushi ba.

Alhaji Mai Dankali: Allon shagona ka rubuta, kuma har yau ban yafe maka yadda ka zana dankalin kamar ƙwan zabo ba.

Kawu Fita: Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Yara, ku bari in gaya muku abin da kuke gardama a kansa, don yawancinku kun tashi kun tarar da shi kango.

A wurin nan na koyi aiki ina saurayi, a nan na yi furfura ta farko. Ba gareji ba ne irin na bakin titi. Duk injin da ya lalace a ramukan kuza na wannan yanki nan ake kawo shi: famfunan janye ruwa, manyan bututu, haƙoran injin tona ƙasa. Abin da babu irinsa a sito, mu muke ƙera shi. Akwai injin gurzar ƙarfe biyu a gefen gabas, in kun duba daɓen za ku ga kusoshin da aka ɗaure su da su har yanzu suna tsaye. Ƙarfen nan dogo da ke ratsa saman ginin, wanda aka ce ana tayawa, a kansa ƙugiya take tafiya da sarƙa, mutum ɗaya sai ya ɗaga injin da ƙarti goma ba za su iya ba. Wutarmu ta kamfanin lantarki na NESCO ce daga Kurra, ba ta ƙiftawa. Da safe jiniya za ta yi kuka, ka ga Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da mutumin Borno sun cika ƙofa, kowa da kwanon abincinsa.

Da farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, aiki ya yi ta ja da baya har aka kulle. Tun kafin nan ma abin ya soma sanyi. Mu da muka iya aikin yanzu ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma babu wanda ya zo ya ce mu koya masa. Ni abin da ya dame ni ke nan, ba ƙarfen ba. In za ku buɗe, ku ba ni benci ɗaya da zarto da maɗauri, in nuna wa yara yadda ake gyaran famfon ban ruwa. Masu noman rani a bakin kududdufan nan duk Bukuru suke kai nasu.

Baban Hauwa: Allah ya ƙara lafiya Kawu. Wallahi ban taɓa sanin amfanin ƙarfen nan ba, ni lilo muka yi a jikinsa.

Ticha Saraya: Sannu Kawu, Allah ya ja kwana. Ni ta ɓangaren karatu zan yi magana. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibanmu da yawa ranar jarrabawa ce ranar farko da suke taɓa linzamin kwamfuta. Yarinya ta san amsa, amma lokaci ya ƙare tana neman inda za ta danna. Wanda iyayensa ke da hali ya tafi cikin Jos ya biya a koya masa, sauran kuma sai addu'a. In da kwamfuta ko da biyar ce a wurin nan, da ɗakin da yaro zai zauna ya yi karatu da fitila bayan magariba, ni na ɗauki nauyin yamma biyu a mako kyauta. Akwai kuma mata manya da ke son yaƙi da jahilci, amma suna jin kunyar shiga ajin firamare su zauna a kan bencin 'ya'yansu.

Alhaji Mai Dankali: Ticha, duk na ji. Tambayata ɗaya ce. Ranar buɗewa kowa zai zo, a yanka kintinkiri, a ci shinkafa. Wata shida bayan nan wa zai biya mai gadi? Wa zai sayi batir in ya mutu? Kun manta da ɗakin kwamfutar da wani ɗan siyasa ya kawo mana gab da zaɓe? An ɗauki hoto, an kulle, makulli yana aljihun wani, har ɓeraye suka cinye wayoyin. Ni kuɗina ba zai shiga irin wannan ba.

Injiniya: Barkanku. Na ga hotunan da Auta ya turo mini, sai dai hoto ba ya nuna komai, dole in zo in hau. Abin da zan iya cewa daga nan: bangon dutse ne da siminti, kuma ƙarafan rufin in tsatsar saman ce kawai, sun fi duk abin da za mu iya saya yau. Kada a bari a taɓa su.

Damuwata rufin ofishin da ke manne da gefe. Waɗancan falankan masu toka-toka sun yi mini kama da asbestos, wanda aka yi yayinsa a gine-ginen wancan zamani. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma da zarar an fasa shi ko an share ƙurarsa a bushe, zaruruwansa na shiga huhu, ciwon kuma ba ya fitowa sai bayan shekara ashirin ko fiye. Don haka maganar a tara yara ranar Asabar da tsintsiya a yi gayya, a dakata da ita tukuna. Sai an jiƙa, an cire ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karya ba, da abin rufe hanci na gaske.

Batun wuta kuma kada mu yaudari kanmu. Sola za ta riƙe fitilu da ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka, don kowace ba ta wuce cin wat sittin ko kusa da haka ba. Injin walda kuwa dubbai yake ja. Wanda ke mafarkin walda da sola ƙarama ya farka. Aikin Kawu na benci da hannu shi ne abin farawa.

Anti Nas: In ƙara a kan na Injiniya. Daɓen nan ya sha baƙin mai da ruwan batir shekara da shekaru. Tsohon batir dalma ne a cikinsa, kuma kun tuna abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu. Can daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gida, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙaramin yaro mai rarrafe yana kai hannu baki shi ta fi kamawa. A kankare, a zuba sabon daɓe, kafin a shimfiɗa wa kowa tabarma.

Na biyu, kada wani ya ce don sauƙi a ɗebo yashin da ke jibge a bayan ginin a yi shafe da shi. Ragowar wankin kuza ne, a cikinsa akwai ma'adanan da ke fitar da haske marar ganuwa mai illa, dangin na ɗakin hoton ƙashi. A sayo yashin rafi.

Na uku shi ne ya fi hana ni barci: kududdufin. Ramin haƙa ne, bakinsa a tsaye yake, ba gangare ba. Ba sai na tuna wa kowa gidajen da suka yi zaman makoki saboda shi ba. In babu shinge tsakanin ƙofa da ruwan, ni ɗana ba zai je ba.

Auta Mai Zane: Kai, jama'a. Kowa sai ya kawo abin tsoro. Haka za mu yi ta lissafi har mai taya ƙarfe ya zo da motarsa.

Anti Nas: Ƙanena, ba hana ka nake ba. So nake in an buɗe kada a rufe da kuka.

Maman Bitrus: Ina gaisuwa, iyaye da 'yan'uwa. Tun ɗazu ana ta kwamfuta da ƙarfe, ba a ambaci mata ba sai a yaƙi da jahilci. Uwata maginiyar tukwane ce, na iya, ƙanwata ta iya, 'ya'yanmu ba su iya ba. Roba da alminiyon sun kore mu daga kasuwa. Amma ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, kuma da hannu ta koya a ƙauye kamar mu, kafin a 1954 ta shiga makarantar tukwane da Bature maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Abin da aka ƙara mata shi ne murhu mai zafi da ruwan ƙyalli. Gashinmu na gargajiya da ciyawa da itace a fili yake, tukunyar na tsatsafo, tana da saurin fashewa. Wancan kuwa zafinsa ya haura digiri 1,200, kwano ya fito kamar tangaran. Muna da yumɓu, ga farar ƙasa a yankin Barkin Ladi. Ba na cewa gobe za mu gina irin wannan murhun. Ku ba mu dai rumfa a gefen da iska ba ta bugawa, don sanyin Disamba na fasa ɗanyar tukunya kafin ta bushe. Masu sayen tukwanen fulawa a Rayfield kaɗai sun ishe mu ciniki.

Alhaji Mai Dankali: To, wannan magana ce. Abin da za a sayar na fahimce shi.

Malam Na'ibi: Salamu alaikum. Na karanta duka. Koyar da sana'a da ilimi alheri ne, babu mai ja. Amma gara in faɗa yanzu da in yi shiru iyaye su janye 'ya'yansu daga baya. In an ce zane, zanen me? In sassaƙa surar mutum ce ko dabba, da yawa daga cikin mutanenmu ba za su turo yara ba. In an ce fasaha ana nufin kiɗa da rawa maza da mata a cakuɗe har dare, nan ma haka. A fayyace tun yanzu.

Auta Mai Zane: Malam, shi ke nan kullum sai an ce haramun kafin a ga abu? Ai ba gunki za mu yi ba.

Baban Hauwa: Auta, sassauta. Malam tambaya ya yi, kuma ya girme ka.

Malam Na'ibi: Ba komai, yaro ne. Auta, ka je bayan gidan tarihin da ka ambata, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa. Ka dubi zanen da magina suke yi a jikin bango, da dagi, da zayyanar da alarammomi ke yi wa allo in yaro ya sauke. Ka dubi aikin dukawan Naraguta a kan fata. Duk zane ne, kuma ni da kaina zan kawo mai zayyana ya koyar. Abin da nake nema a san wane aji ne yaushe, uba ya zaɓa wa ɗansa.

Ticha Saraya: Wannan ai mai sauƙi ne, a manna jadawali a ƙofa. Mu ma a ɓangarenmu akwai iyayen da za su tambaya ko wurin zai zama Islamiyya a fakaice. Ni shawarata, kada a yi wa'azi ko taron coci ko na jam'iyya a ciki, ko na wane ne. Juma'a da rana a rufe, Lahadi da safe a rufe. 'Yan ƙungiyar mawaƙanmu in suna son koyon kiɗa su ɗauki ranarsu, wanda ba ya so ba a tilasta shi ba.

Barista: Na bari kun gama raba ɗakuna tukuna. Yanzu in tambaya: ginin na wa ne? Kamfani hayar haƙa ya karɓa, ba sayen ƙasa ya yi ba. Ma'adanan da ke ƙarƙashi na Gwamnatin Tarayya ne. Ƙasar kanta, bisa dokar mallakar filaye ta 1978, tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar zama ta gargajiya. Sannan ga iyalin da gonarsu ce kafin Bature ya zo. Ga kuma yiwuwar kadarorin kamfanin sun koma hannun wata hukuma ko wani da ya saya ba mu sani ba. Wanda ke taya ƙarfen, wurin wa yake tayawa? Ku fara nemo wannan amsar.

Na sha ganin irin haka: kango ne babu mai kula, ana sa sabon kwano da fenti sai masu shi su fito su bakwai. Kada a sayi ƙusa ɗaya sai an sami yarjejeniya a rubuce, da shekarun da aka ba mu, da sa hannun dagaci da na iyalin da na ƙaramar hukuma. Kuma a yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, asusun banki da sunanta, sa hannu biyu kafin a cire ko sisi. Ba asusun Baban Hauwa ba, duk da na yarda da shi.

Baban Hauwa: Ni ma ba na so, Barista. Hawan jinina ya ishe ni.

Ɗan Gwom: Tunda an zo nan, bari in yi magana, da ma ina jira in ga ko za a tuna da mu. Wurin gonar accan kakanmu ce. Abin da aka ba shi a lokacin bai kai ya kawo ba, aka tona ƙasar aka bar mana rami. Ba ni da ikon yanke hukunci, akwai baffannina a raye. Amma na san abin da za su tambaya: in mun bayar don yara, gobe ba za a wayi gari a ce wurin ya zama na wani ɓangare ba? Mu faɗa wa juna gaskiya. Tun rikicin 2001, balle na 2010, garin nan ya rabu biyu, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa in rana ta faɗi. Yaranmu da naku Hausa ɗaya suke yi, ƙungiyar ƙwallo ɗaya suke goyon baya, amma ba su san sunan juna ba. Wakshof ɗin nan a tsakiya yake, ba ya cikin unguwar kowa. Wannan ne amfaninsa, wannan ne kuma haɗarinsa.

Alhaji Mai Dankali: Ɗan Gwom, ka faɗi abin da ke raina ban iya faɗa ba. Babanka da babana tare suka yi lebura a ramin nan. Ni tsoron da nake ji ke nan da na ce sito, don buhu ba ya faɗa da buhu. Amma in za a yi, a sa kwaɗo biyu a ƙofa. Makulli ɗaya a wajenku, ɗaya a wajenmu, ba mai buɗewa sai da ɗan'uwansa.

Ticha Saraya: Alhaji, kwaɗo biyu kuma? Ranar da mai makulli ɗaya ya tafi biki Mangu, yara su tsaya a waje cikin sanyi?

Barista: Ticha ta yi gaskiya. A raba amintattu daidai, a rubuta cewa ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a sauya amfanin wurin sai da yardar kowane ɓangare, kuma in ƙungiya ta mutu gini ya koma ga iyalin. Makulli kuwa a ba wanda zai buɗe kullum da safe, a kuma biya shi.

Kawu Fita: A ba ni. Ni da ma zaman gida ya ishe ni, kuma babu ɓangaren da ban gyara wa injin niƙa ba.

Maman Bitrus: Na goyi baya. Amma Kawu ba zai kwana gadi ba, a nemo matasa biyu.

Injiniya: Ga amsar tambayar Alhaji ta kuɗin wata-wata kuma. Ginin ya yi mana yawa a farko. A yanke kashi ɗaya cikin uku ta ƙofar baya, a ba manoma hayar ajiyar irin dankali, kuɗin ya tafi ga gadi da batir. Iri yana son haske kaɗan da iska, ginin ya dace. Sai dai a yi bango har sama, kuma kada a shigo da maganin feshi ko taki kusa da inda yara suke.

Auta Mai Zane: Wato dai sai da dankali ya shiga.

Alhaji Mai Dankali: Ya shiga, kuma shi zai biya maka fenti. In takarda ta fito, buhun siminti ashirin na daɓe a kaina. In ba ta fito ba, ko ɗaya.

Ɗan Gwom: Zan sami baffannina bayan coci ranar Lahadi. Ban yi alkawarin komai ba. Zai fi kyau in ba ni kaɗai na je ba, a ga fuskar ɓangare biyu.

Malam Na'ibi: Zan raka ka in an idar da azahar. Alhaji, ka sayo goro.

Baban Hauwa: To madalla. Barista, ka rubuto mana takardar da za a kai wa dagaci, a nemi ya tsawatar kada a taɓa ƙarafan kafin a gama magana, wannan ba ya jira. Injiniya, yaushe za ka shigo?

Injiniya: Asabar ta sama, in hanyar Akwanga ta bar ni. A nemo mini tsani mai tsawo, kuma kowa ya bar rufin ofishin nan yadda yake har in zo.

Anti Nas: Shingen fa? Ba wanda ya ce komai a kan shingen.

Baban Hauwa: Anti, na rubuta shi a lissafi, gaba da siminti ma. Wa ya san farashin waya a Katako yanzu?